Yadda Za Ka Kafa Sabar Wasanni a Rumbun Babanka

Ɗan'uwa, ka zo inda ya dace. In ka bi matakan nan yadda na jera su, ba ka tsallake ko ɗaya ba, ba ka kuma cusa naka wayon a ciki ba, na yi maka alkawari kai da abokanka za ku buga ƙwallon kwamfuta tare, kowa yana zaune a garinsu da 'yar wayar da ke aljihunsa. Ba ka shiga mota ba, ba ka bi hanyar da za ta sa mahaifiyarka zaman jan carbi ba. Sunana Injiniya Salahuddeen. Kada ka tambaye ni makarantar da ta ba ni injiniyan. Mutanen Faskari ne suka ba ni, kuma har yau ba wanda ya zo karɓa.

Abin da za mu haɗa sunansa saba. Kwamfuta ce guda mai ƙarfi da za ta zauna a gidanku tana gudanar da wasan, tana aika hotonsa zuwa wayoyinku ta intanet, ku kuma kuna mayar mata da abin da yatsunku suka danna. Manyan kamfanoni suna da irinta a ƙasashen da ba a ɗauke wuta. Kai a gida za ka yi taka, tunda na lura ba ka son abu mai sauƙi.

Duk inda na ga za ka ruɗe, zan kawo maka misalin ɗalibina Abdulƙarim, mai shagon maganin feshi a nan Faskari. Ya bi tsarin nan daga farko har ƙarshe, kuma yana nan da ransa.

Mataki na 1: Samo dalili

Kada ka fara da sayen kaya. Fara da dalilin da za ka faɗa wa kanka ranar da abu ya caɓe, don zai caɓe.

Dalilin Abdulƙarim mutum biyu ne, abokansa tun makarantar kwana. Na farko Ɗanasabe, manomin masara a Damari ta Sabuwa, wanda ke zuwa coci ran Lahadi ya nemi gafara, ya dawo ya ɗora daga inda ya tsaya a ƙaryarsa ta cewa ba a taɓa cin sa a ƙwallo ba. Na biyu Mas'udu, tela a 'Yargoje ta Ƙanƙara. Da can duk ranar kasuwa sukan haɗu a bayan shagon Abdulƙarim su yi ta bugawa a talabijin har a fara kwashe kaya. Sai hanya ta lalace. Ba ramuka nake nufi ba, ka san abin da nake nufi.

Shi Mas'udu a da, in ya buɗe baki sai dai ka nemi wurin zama. Mutum ne da zai ba ka tarihin aljihun riga har shayinka ya huce. Wata rana aka tare motarsu. Ya daɗe a hannun mutanen daji, da Allah ya kuɓutar da shi ya dawo da hannu da ƙafa lafiya lau, amma surutun a can ya baro shi. A gaishe shi ya ɗaga kai, a ba shi abinci ya ci. Keken ɗinki ya lulluɓe shi da zane, waya kuma ba ya ɗauka. Sai Abdulƙarim ya yi tunanin mutumin da ya gaji da "ya jiki" wataƙila zai amsa in aka ce masa "wa zai fara take leda".

Wannan dalili ne mai kyau. In naka bai kai shi ba, in zaman banza ne kawai ya ishe ka, ari nasa. Ba zai sani ba.

Mataki na 2: Sayi kwamfuta, ka ce ta lissafin shago ce

Je ka Funtuwa ko Kano ka samo kwamfuta ta hannu mai katin hoto. Katin hoton shi ne zuciyar aikin, shi ke zana 'yan wasa da ciyawa har da gumin gola. Yadda za ka gane mai kyau: in an kunna ta, ƙarar fankarta ta hana ka jin abin da mai shagon ke cewa. Kada ka tambayi inda ta yi rayuwarta ta farko.

In ka shigo da ita gida za a tambaye ka. Ce ta lissafin shago ce. Alhaji, mahaifin Abdulƙarim, dattijo ne da ya yi imani ƙwallo ta yara ce, ƙwallon da babu ƙwallo a cikinta kuwa ta waɗanda ake yi wa addu'a ce. Ya dubi akwatin, ya dubi ɗansa, ya ce, "Shagon naka ya girma haka ban sani ba?" Abdulƙarim ya ce zamani ne. Riƙe kalmar nan da kyau, za ta fitar da kai daga wurare da yawa.

Mataki na 3: Zuba komai a kwantena

A nan ne ilimi yake, gyara zama.

Kwantena a sana'armu ɗan keɓaɓɓen wuri ne a cikin kwamfuta, inda ake ajiye manhaja ita da duk tarkacenta, ba ta ganin maƙwabciyarta. Dubi yadda Inna ke ajiye daddawa a gwangwaninta, gishiri a nasa, barkono a nasa, in ɗaya ya lalace bai shafi sauran ba. To haka. Za ka yi kwantena ɗaya ta wasan, ɗaya ta aika hoto zuwa wayoyi, ɗaya ta muryoyinku don ku ji zagin juna da kyau, ɗaya kuma ta tsaron ƙofa mai tambayar lambar sirri. Kada ka sa sunan 'yarka a matsayin lambar sirri. Duk unguwa ta ci tuwon sunanta.

Za ka ga baƙin allo da farin rubutu yana gudu sama. Ba dole ne ka fahimta ba. Kwafo umarnin daga intanet, liƙa, danna, sannan ka gyaɗa kai a hankali ko da ba kowa a ɗakin. In jan rubutu ya fito, sake liƙa umarnin da ƙarfi. In ya sake fitowa, tashi ka yi alwala ka dawo. Na ga an warware manyan matsaloli da haka.

Akwai layi guda da ba za ka manta ba, wanda ke gaya wa kowace kwantena cewa in ta mutu ta tashi da kanta. Wannan layin shi ne abin alfaharinmu. Wasa ya tsaya? Zai farfaɗo. Murya ta yanke? Za ta dawo. Ranar da na koya wa Abdulƙarim shi, da bakina na ce masa daga yau ba zai sake buƙatar taɓa na'urar da hannu ba.

Mataki na 4: Nemo sabis da wuta

Ɗaure eriya a kan gora, ɗaure gorar a kan darbejiya, ka sa wani ya tsaya a ƙasa yana kallon waya kai kana juyawa. Inda ya yi ihu, nan ne. Bayan haka shiga rauta, wato ɗan akwatin da ke raba intanet, ka buɗe ƙofar da abokanka za su riƙa shigowa ta ciki. Wuta kuwa, kada ka dogara da ta gwamnati, ita baƙuwa ce. Ja waya daga injin sola na gida. A gidan su Abdulƙarim injin a ɗakin Inna mahaifiyarsa yake, nan ya laɓaɓa ya soka filoginsa a bayan akwatunanta.

Babban abokin gabarka jinkiri ne. In sabis ya yi rauni za ka buga ƙwallo da azahar ta shiga raga da la'asar. Kada ka damu, jinkiri yana da amfani, shi ne mafakar duk wanda aka ci. Ɗanasabe tun ranar farko ya rungume shi. In ya ci, gwaninta ce. In aka ci shi, sabis ɗin Damari ne.

Yanzu aika wa abokanka lambar shiga, ka jira.

Ɗanasabe ya shigo kan ka ce kwabo. Mas'udu sai da aka yi kwanaki, sannan wata la'asar sunansa ya bayyana a allo, ba sallama. Ya buga shiru, aka ci shi shiru, ya fita shiru. Kashegari ya dawo. Haka aka yi ta yi, har ranar da Ɗanasabe ya zura wata ƙwallo ya hau yi wa kansa kirari, yana cewa tun daga Damari har Dandume ba a haifi kamarsa ba. Sai aka ji wata murya a dishe daga 'Yargoje.

"Ƙarya kake, Ɗanasabe. Satar gida ce."

Aka ji ƙarar kwano ya faɗi a bayan muryar. Safara'u ce, matar Mas'udu, ta saki abin da ke hannunta. Abdulƙarim ya ce shi ma sai da ya ajiye waya ya goge ido, kuma a nan Ɗanasabe ya ƙara zura masa ɗaya, don shi bai san ragowa ba. Daga ranar, kullum bayan la'asar Mas'udu yana magana. Zagi ne akasari, amma magana ce.

Mataki na 5: Nema mata wuri mai sanyi

Na'ura mai aiki tana zafi. Ba da daɗewa ba iyalinka za ta ce ɗaki ya koma gidan burodi, jariri ya ƙi barci, mahaifinka kuma ya fara tambayar wane irin lissafi ne ke sa magidanci ihun "ta shiga". Lokacin ƙaura ya yi.

Masana na ƙasashen waje suna gina ɗakuna na musamman masu na'urar sanyi. Kakanninka sun riga su. Dubi babban rumbun ƙasa na gidanku. An ɗora shi a kan duwatsu, iska na bi ta ƙarƙashi. Bangonsa mai kauri ne, cikinsa sanyi ƙalau ko da rana tsaka. Yaro ba ya shiga, mace ba ta leƙawa, ɓarawon kwamfuta kuwa ko a mafarki ba zai nufi can ba. In ƙarshen damina ne, ka tarar da shi wayam.

Sa tsani, ka zura na'urar da igiya, ka zaunar da ita a ƙasa. Nemi ramin da ɓera ya riga ya yi maka a gindin rumbun, ka bi da wayar wuta da ta intanet ta nan, ka binne sauran a ƙasa har ɗakin Inna. Kifa babban kwando a kanta don ta samu numfashi. Haka Abdulƙarim ya yi, kuma ina gaya maka ban taɓa ganin saba mai natsuwa irin wannan ba.

Mataki na 6: Manta da cewa kaka na zuwa

Wannan matakin ba ya buƙatar ƙoƙari, da kansa yake faruwa.

Ranar da aka kwaso dawa daga gona, Abdulƙarim yana Funtuwa sarin kaya. Aka jibge dammuna a tsakar gida. Malam Yahya, maƙwabcinsu, shi ya shiga rumbu don jera su, kamar yadda ya saba yi wa Alhaji duk shekara. Yana dira ya ga kwando a kife, wani abu na gurnani a ƙarƙashinsa, ga ɗan shuɗin haske yana ƙiftawa. Malam Yahya mutum ne mai tarbiyya. Ya ce a ransa, ashe wannan ne sirrin da ya sa hatsin Alhaji ba ya ƙarewa. Ya yi bisimilla, ya kauda kai, ya jera dammuna kewaye da kwandon cikin ladabi, ya ɗora wasu a kai har baki. Ya fito bai ce wa kowa uffan ba, don ɗan halas ba ya tambayar dattijo abin da ya binne a rumbunsa.

Alhaji ya fitar da zakka, ya kwaɓa ƙasa, ya liƙe bakin rumbun da hannunsa, aka ɗora jinka.

In kai ɗan birni ne bari in fahimtar da kai. Rumbu biyu ne a gidan. Ƙaramin shi ake ci yau da gobe. Babban ba a taɓa shi sai ruwa ya sauka an yi shuka, lokacin da hatsi ke tsada kuma ma'aikata ke jiran tuwo a gona. Maigida kaɗai ke buɗe shi. Duk wanda aka ga ya sauke jinkar babban rumbu da rani, ya yi shela ke nan cewa gidansa ya ci abincinsa tun kafin lokaci. Alhaji kuwa tunda ya zama maigida ba a taɓa ganin haka a gidansa ba, kuma yakan faɗa a majalisa ko ba a tambaye shi ba.

Abdulƙarim ya dawo ya ga jinka a kan rumbu. Ya ciro waya da sauri, sai ya ga saba tana aiki lafiya lau. Har ta fi da, don yanzu ko ƙararta ba a ji. Ya kira ni, na ce masa ai dama haka na tsara.

Mataki na 7: Bar Inna ta gano filogin

Ranar sunan jikar maƙwabta mata suka cika har gidan Alhaji, kowace da wayarta a mace. Inna ta shiga neman wurin caji, ta jawo akwati, ta ga wata baƙar waya da ta shige ƙasa ba ta zuwa ko'ina. Ta cire ta, ta soka wa ƙawayenta. Da aka watse ta mayar da ita yadda ta same ta, don Inna ba ta da ɓarna.

Saba ba ta dawo ba.

Za ka ce ina layin nan na tashi da kai? Yana nan, kuma bai yi ƙarya ba. Kwantena tana tashi da kanta in kwamfutar tana kunne. Ita kwamfutar, in wuta ta yanke mata, sai ɗan Adam ya sa yatsa ya danna maɓallin da ke gabanta. Akwai wani saiti da ke sa ta kunna kanta da zarar wuta ta dawo, akwai kuma dabarar tashinta daga nesa, amma dukansu sai an shirya su tun kafin a kifa kwando. Da Abdulƙarim ya tambaye ni da na gaya masa. Ɗaliban yanzu ba sa tambaya.

Ga maɓalli, ga yatsa, tsakaninsu abincin shekara guda da mutuncin Alhaji.

Mataki na 8: Gwada dabarun da ba za su yi ba

Dole ka bi ta nan, don zuciyarka ba za ta yarda ba sai ta gani.

Samo siririn kara, ka kwanta ruf da ciki a ƙarƙashin rumbu, ka zura ta ramin ɓera kana lalube. Ba za ka taɓa maɓalli ba, amma za ka taɓa dawa, ta fara zubowa tsaba-tsaba a kan ƙeyarka. Kaza ɗaya za ta gani ta sanar da sauran. Kafin ka janye jiki duk kajin unguwa sun kewaye ka, da zabi, da wani ɗan akuya da ba a san mai shi ba. A haka Inna ta tarar da Abdulƙarim, ƙafafu a waje, kai a ciki.

"Kai kuma mi kake nema nan?"

"Kunama na gani, Inna."

"Shi ya sa ka kai mata kanka?"

Bayan kara, zai zo maka ka lanƙwasa waya mai ƙugiya. Ita ma ka gwada. Bayan ita za ka yi tunanin yi wa rumbun ƙofa ta baya, ka liƙe kafin a gani. Wannan kada ka gwada, ɗanyar ƙasa ba ta ɓuya ga manomi. Ɗanasabe zai kira ka ya ba da shawarar a jira damina, tunda a cewarsa dama shi ke kan gaba a ci. Kashe wayar.

Mataki na 9: Ɗauki kiran da kake gudu

Abdulƙarim ya yi ta aika saƙo cewa ana gyara. Sai wata safiya kira ya shigo da lambar Mas'udu, ya ɗauka da murna, ya ji muryar mace.

"Yaya Abdulƙarim, Safara'u ce. Ka yi haƙuri na kira ka da wayarshi."

Suka gaisa. Sannan ta ce, "Wasan nan naku, an daina ne?"

"Ba a daina ba, 'yar matsala ce."

"To. Don kullum in anka yi la'asar sai ya ɗauko waya ya zauna bakin ƙofa. Shina dannawa, shina jira, har a kira magariba. Kwanan baya har ya buɗe keke ya ɗinke wa yara riguna, shina yi shina faɗa da Ɗanasabe shi kaɗai. Jiya na ishe ya mayar da zanen bisa keken." Ta ƙara da cewa, "Ni ban san mi ke cikin wasan ga ba. Amma don Allah in abin gyarawa ne, a gyara."

A nan ba ni da wani umarnin da za ka kwafa. Abdulƙarim ya ce mata in sha Allahu, ya ajiye waya, ya zauna a shago har azahar bai san wa ya shigo wa ya fita ba. Tsoron Alhaji yake ji ƙwarai, amma tsoron shirun Mas'udu ya fi.

Mataki na 10: Je ka gaban Alhaji

Zaɓi lokacin da ya ci ya ƙoshi. Cire takalmi tun daga nesa, durƙusa, kada ka fara da maganar. Tambayi lafiyar shanu. In ya ce "faɗi abin da ya kawo ka", to faɗi, kada ka ce zamani ne, a nan kalmar ba ta aiki.

"Baba, akwai abin da na aje cikin babban rumbu."

Alhaji ya ajiye asuwaki. "Cikin mi?"

"Babban rumbu. Can ƙasa. Kwamfutar nan ce."

"Ta lissahin shago?"

"Ita."

"Lissahin da anka binne ƙarƙashin dawa." Ya dube shi tun daga hula har yatsun ƙafa. "Na kai ka makaranta, na yi maka aure, ashe ajiyar mahaukaci nike yi. To ta zauna nan. Ran da anka yi shuka ka ɗauki abarka."

Abdulƙarim bai tashi ba. Kansa a ƙasa ya faɗi gaskiya duka, da ƙwallon, da la'asar, da zanen da Mas'udu ya mayar a kan keke. Da ya gama, Alhaji ya tambaye shi.

"Wane Mas'udu? Telan ga da ya tsare ni da labarin maɓalli har na kusa rasa jam'i?"

"Shi, Baba."

"Shi ne ba ya magana?"

"Sai in ana wasan."

Alhaji ya daɗe yana kallon rumbun. Ya ɗauki asuwakinsa, ya sake ajiyewa. Sannan ya ce, "Ɗauko tsani."

"Baba, ko mu bari sai mutane sun..."

"In saci hatsina a ɓoye? Ɗauko tsani, na ce."

Mataki na 11: Karɓi abin da za a kawo, ka yi godiya

Rana tsaka, ranar kasuwa, dattijon ya hau tsani da kansa. Aka sauke jinka, ya fasa ƙasar da ya liƙa da hannunsa. Rumbun ya fi katanga tsawo, don haka duk mai wucewa ya gani. Masu babura suna rage gudu. Abdulƙarim ya shiga yana miƙo dammuna, har tsakar gida ta cika, don abin nema a can ƙasa yake. Aka fito da na'urar ta yi furu-furu da ƙaiƙayi. Alhaji ya ce a kai ta zaure a jona, ya tambayi ina maɓallin, ya danna da babban yatsa kamar mai dangwala ƙuri'a. Fanka ta ɗauka, kwantenoni suka tashi ɗaya bayan ɗaya da kansu. Ina so a lura da wannan, aikina bai taɓa samun matsala ba.

Kafin a gama mayar da dawa, sallama ta fara. Hajiya Bilki ta gidan gaba ta aiko da ƙwarya cike da gero an rufe da faifai, wai a yi wa yara kunu. Wani ya aiko da masara, wai ta yi masa yawa. Wani da shekara da shekaru Alhaji ke taimaka masa ya zo da kansa da ɗan wake a ƙulle, ya ajiye a bakin zaure ya juya da sauri don kada a haɗa ido. Ba wanda ya ambaci rumbu. Malam Yahya kuwa ya matso kusa da kunnen Alhaji ya ce, "Alhaji, ni dai ban faɗa ma kowa abin da na gani ba. Halan abinci ya ƙare mashi ne anka fiddo shi?"

Fuskar Alhaji ta yi abin da ban iya kwatantawa. Abdulƙarim ya kasa jurewa, ya ce bari ya bi gida-gida ya mayar da kayan, ya yi bayani.

"Ka ce masu mi?" in ji Alhaji. "In ka ce don wasa na buɗe, su ce na zauce. In ka ce don ɗan mutane, gobe kasuwa a riƙa nuna shi da baki ana ga wanda daji ya taɓa. Yaron ga ya sha abin da ya ishe shi. Bar su bisa zaton yunwa ce." Ya juya ga 'yar aiken da ke tsaye da ƙwarya. "Ki ce ma Hajiya na gode, Allah shi saka."

Na san dattawa da yawa a garin nan. Ban san wanda godiya ta taɓa yi wa nauyi a baki kamar wannan ba, kuma ya faɗe ta sau da yawa a ranar, kowane da murmushi.

Da aka yi la'asar sunan Ɗanasabe ya bayyana, yana shigowa yana cewa hutun ya ƙara masa ƙarfi. Aka jira. Alhaji yana zaune a kan buzu a ƙofar zaure, ya ba su baya, wai shi carbi yake ja. Can sai ga suna na uku. Aka take leda, shiru. Ɗanasabe ya tashi zura ƙwallo ya ɗaga ta sama har ta bar fili.

"Wanga ko garma aka ba shi sai ya noma gonar maƙwabci," in ji muryar 'Yargoje. "Abdulƙarim, ina kuka shiga? Kun bar ni ba wanda zan zaga."

Alhaji bai juyo ba. Ya ce, "Ƙara mashi murya, ban ji da kyau."

Ba ruwana

Ni Injiniya Salahuddeen ilimi na bayar, ban ba da rumbu ba. Duk wanda ya bi matakan nan kaji suka tsattsage shi, ko ɓera ya ci masa waya, ko mahaifinsa ya kira shi da sunan da ba na yanka ba, shi ya jiyo, kada a zo mini shago. Ban san kowa ba, ban ga komai ba, in an kai magana gaban mai unguwa zan ce ni gyaran rediyo nake yi. Wanda Ɗanasabe ya ci, ya kai ƙararsa Damari. Wanda maƙwabta suka aiko wa gero, ya dama kunu ya sha.

Abu ɗaya kawai nake roƙo. In ka shigo Faskari ka ji ana cewa Alhaji, duk da cika bakinsa, bana ya ci babban rumbu tun da rani, kada ka nuna ka karanta wani abu. Gyaɗa kai ka ce Allah ya rufa asiri. Shi ya ce a bar ta a haka.